Littafi Kamar Goro Ne, Yana Son Juyi

 Waɗanda suka saba ganinmu a wannan shafi sun san yawanci maganar alwala da gyaran sahu da zakkar kasuwanci muke yi. Yau kam a yi mana haƙuri, wata damuwa ce ta cikin gida muka kawo, don mun lura ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa. Ya bar gida, ya bar rumfa, ya bar bashin da ake binsa da wanda yake bi, duk an warware an sallami kowa tun kafin shekara ta zagayo. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba, wata adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, wadda littattafansa da na kakanmu suke ciki. Ranar rabon gado da aka zo kanta, babban wanmu ya ce a bar ta, kayan malamai ba abin rabawa ba ne kamar tukwane. Kowa ya ce haka ne. Aka danƙa mana mabuɗin, wai tunda mu ke jan salla idan liman ba ya nan, mu muka fi cancanta. Muka karɓa muna jin daɗi, muka ƙara mata kwaɗo na biyu, muka tura ta lungun ɗaki, muka lulluɓe ta da tsohuwar darduma. Duk wanda ya tambaya sai mu ce, "Tana nan lafiya lau, ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

Cikin hunturun da ya wuce sai 'yarmu ta uku, mai karatu a jami'a, ta matsa mana. Wani malaminsu ya yi musu maganar rubutun ajami, ita kuma ta ce musu a gidansu ma akwai. Ta ce, "Baba, don Allah ko sau ɗaya in ga hannun kakanku." Muka yi ta ja mata rai har mako biyu, sannan wata Lahadi bayan la'asar muka jawo adakar tsakar gida.

Tun kafin murfin ya gama buɗewa warin da ya bugi hancinmu ya ba mu labari. Ashe tsatsa ta ci gindin adakar ta yi wata 'yar kafa da ba ta fi ƙwayar gero ba, gara ta samu hanya, ta shiga ta yi gininta hankali kwance. Risala da Iziyya da suke can ƙasa sun zama ƙasa, sai tadarishin ya rage. Ishiriniya ta sha danshi, warƙoƙinta sun manne sun dunƙule kamar curin daddawa. Magana Jari Ce guda uku da Baba yake karanta wa abokansa da dare, fumfuna ta yi musu baƙi ƙirin, kana ɗagawa suna zuba. Alƙur'anin da kakanmu ya rubuta da hannunsa yana daga sama cikin gafaka, shi ya sa ya tsira, amma daga Tabara zuwa Nasi, izu huɗu cur, tawadar ta jiƙe ta bazu, ba a rabe harafi da harafi.

Yarinyar nan ba ta ce komai ba, hawaye kawai take. Mu kuwa da ƙasa za ta tsage da mun shige. Muna cikin haka sai ga Inna, mahaifiyarmu, ta dogaro sandarta ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta koma ɗaki ta fito da Dala'ilun Baba, wanda ta ɗauke tun ranar da aka kai shi, take karantawa kullum bayan asuba. Gefen shafukan ya yi baƙi don yatsa, akwai ɗigon man ja a wani wuri, akwai jan goro a wani, bangon ya rabu ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa. Amma ko warƙa ɗaya ba ta ɓata ba. Ta ce, "Ga wanda kuka ce zan lalata." Ta juya ta yi tafiyarta.

Tun daga ranar tambaya ɗaya take cin mu, ita muke so mu yi tunani a kai tare da ku. Idan aka ba mutum amanar abu, mene ne riƙon amanar? Mun ɗauka tunda ba mu sayar ba, ba mu ba da aro ba, ba mu bar yara sun taɓa ba, to mun sauke nauyi. Ko gaban alƙali aka kai mu, ba zai ce mun ci amana ba. To amma ga kaya nan sun hallaka a hannunmu, kuma wanda aka yi ta amfani da shi ya rayu. Ina kuskuren yake?

Abin kunyar shi ne amsar tana cikin sana'ar da muka gada. Mu 'yan goro ne, kaka da kakanni. Ko yaron da ya shekara ɗaya a rumfa ya san ba a ɗaure huhu a jefa shi lungu a ce an yi ajiya. Goro rai gare shi, yana numfashi, yana gumi. Idan kana son ya kai daushe ya yi maka kuɗi, sai ka riƙa kwance shi lokaci lokaci, ka zazzage, ka duba ɗaya bayan ɗaya, ka tsince wanda sankara ta kama tun kafin ya shafa wa 'yan uwansa, ka sake ganye, ka mayar ka ɗaure. Ka bar shi a iska ya bushe ya yanƙwane, ka rufe shi ruf ya ruɓe. Mutumin da ya zo ya ce maka, "Huhuna wata shida ban taɓa shi ba don ina ji da shi," ai ka san ya riga ya yi asara, bai dai gani ba tukuna. Ajiyar goro aiki ce ta kullum, hannu da ido ba sa barin kansa. Mun san wannan a kan marsa da minu, mun manta da shi a kan Risala.

Akwai kuma wani abu da ya rufe mana ido, shi ne mun kawo dabarar Arewa mun yi aiki da ita a Kurmi. A Kano ko Katsina ko Sakkwato, malami yana rataye gafaka a bango ko ya sa ta a alkuki, jikansa ya zo ya tarar da ita yadda take, don wata bakwai ko takwas na shekara iska a bushe take. Nan Badun kuwa ruwa yana farawa tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen ƙarshen Oktoba. Hunturun ma baƙo ne, ya yi 'yan makonni tsakanin Disamba da Janairu ya koma gida. Wanda ya taɓa hawa dutsen Oke Are ya hango gari ya ga abin da iskar nan take yi wa kwanon rufi, ko'ina ja wur don tsatsa. Ƙasar da take cin ƙarfe, takarda ce za ta gagare ta? Ko mutanen Tambutu da suka gudu da dubban littattafansu cikin adakoki zuwa Bamako lokacin fitinar 2012 da 2013, sun tserar da su daga wuta, amma da suka isa sai suka tarar da sabon abokin gaba, danshi. Wuri ya sake, dole ajiya ta sake.

Mu tuna yadda muka zo nan. Kakannin kakanninmu Gwanja suke zuwa fataucin goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna. Da jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, goron nan na Gwanja kuma ya karɓi ƙasar Yarabawa wajen Agege da Ota da Shagamu, sai hanya ta juyo nan. Ana gangaro da shanu, ana haurawa da goro. A 1916 aka yanka mana wannan unguwa ta Sabo. Mutanen da suka fara zama ba da niyyar dawwama suka zo ba, kowa cewa yake bana ko baɗi zai koma. Kayan da suka zo da shi kaɗan ne, buzu da buta da gafaka. Yau shekara ɗari da ɗoriya, ga mu nan, mun binne iyaye a nan, mun haifi jikoki a nan. Amma har yanzu da yawanmu muna riƙe da abin da aka zo da shi kamar kayan matafiyi, a ɗaure, ana jiran ranar komawa gida a kwance. Ranar ba ta zo ba, gara ta riga ta.

Ba littafi kaɗai muke nufi ba. Ku tambayi yaron da aka haifa a Sabo bambancin bazara da kaka, ko me ya sa manya suke murna idan sun ga shamuwa, ku ji abin da zai ce. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa ganin gero ya yi kai ba. Yana jin Yarabanci kamar ɗan Oja'ba, yana jin Turanci, wannan kuwa alheri ne, da shi muke ciniki muke zaman lafiya da maƙwabta. Sai dai Hausar da muka ce muna ji da ita, mun sa ta a adaka. Muna alfahari da ita ranar taro, ba ma zama mu juya ta da yaranmu da dare.

Abin da ya fi ƙona mana rai cikin abin da muka tarar bai kai tsadar Alƙur'anin ba, amma ba shi da madadi. Risala ana sayar da ita a ƙofar masallaci, Iziyya ma haka. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta tun kafin 1940 har gobe ana buga ta. Amma a bayan littattafan nan da gefensu Baba ya yi rubutu da ajami. Ranar da aka haifi kowannenmu, da wanda ya raɗa suna. Sunan garin kakanmu da unguwarsu da malamin da ya yi wa sauka. Wanda ya ba shi jari na farko, da yadda ya biya. A wata warƙa da ta tsira mun karanta inda ya rubuta cewa cikin Shawwal na 1400 ruwan Ogunpa ya yi ambaliya ya ci mutane da yawa, ya roƙa musu gafara, Musulminsu ya yi musu addu'a, sauran ya jajanta wa danginsu. Ambaliyar Agusta 1980 ke nan, wadda Yarabawa suke kira Omiyale, muna yara a lokacin, mun kuwa tuna ta. Irin wannan rubutu nawa gara ta ci? Allah kaɗai Ya sani.

A farkon shekarun 1960 wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan, ya yi tambayoyi, ya buga littafi da Turanci a kan Sabo a 1969. Har yau duk mai son sanin tarihinmu shi yake nema. Ba mu ga laifinsa ba, ya yi aikinsa. Amma abin tunani ne a ce labarinmu da baƙo ya rubuta yana nan a ɗakunan karatu na duniya, wanda iyayenmu suka rubuta da hannunsu kuma yana ruɓewa a ƙarƙashin gadajenmu, mu da kanmu muka sa masa kwaɗo.

Bari mu ɗan tsaya a kan Alƙur'anin kakanmu, don da muka baje shi a inuwa mun ga abin da ba mu taɓa lura da shi ba. Idan ka ɗaga warƙar ta fuskanci haske za ka ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Irin takardar nan daga Italiya ake yin ta, 'yan kasuwa suke kawo ta ƙasar Hausa, malamai suna sonta don ƙwarinta. Baƙin rubutun da tawadar da ya dafa da kansa ne, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, ruwayar Warshu yadda aka saba a allo. A kan kowane izu ya yi zayyana, da'ira cikin da'ira, kuma cikin waɗanda suka tsira ba biyu da suka yi kama. Mutumin nan fa ɗan kasuwa ne kamarmu, yini yake a tsaye, sai dare ya kunna fitilar aci-bal-bal ya ɗauki alƙalamin kara. Me ya kai shi wahalar zayyana, alhali ko babu ita karatu ya inganta? Mun yi ta juya wannan a zuci, abin da muka gano shi ne ado kira ne. Wanda ya ƙawata abu yana so ido ya dawo kansa, yana so yaro ya matso ya ce, "Mene ne wannan?" daga nan a kama hannunsa a nuna masa baƙi. Kakanmu ya yi shekaru yana kiran jikokin da bai gani ba, mu kuma muka kulle kiran cikin duhu, muka sa masa suna girmamawa.

Sau nawa muka ja sallar Juma'a a madadin liman, muka karanta Suratul Jumu'a, inda Allah Ya buga misali da jaki mai ɗauke da littattafai ga waɗanda aka ɗora wa littafi ba su yi aiki da shi ba? Muna karantawa muna tunanin da wasu ake. Jakin ma ya fi mu, shi aƙalla yana fita da kayan su sha iska.

Da labari ya kai ga 'yan uwa sai aka yi zama, zaman kuwa bai yi daɗi ba. Za mu kawo abin da kowa ya ce, don kowane ɗaya da gaskiyarsa.

Babban wanmu ya ce a naɗe abin da ya rage a kai shi Arewa wurin dangi, can ne asalinsa, can iska ba za ta ci shi ba. Gaskiya ne ba zai ruɓe ba. Amma dangin nan rabonmu da su sai biki ko rasuwa, ba su san Baba ba sai a suna, kuma da wuya jikokinmu na nan su taɓa ganinsa. Za a fitar da shi daga wata adaka ne a sa a wata.

Ƙanenmu ya ce ya san mai sayen irin waɗannan kaya, yana biya da kyau, ga marayun 'yar uwarmu ana nema musu kuɗin makaranta. Aka yi masa ca, amma mu ba mu ga ya faɗi haram ba. A shari'a littattafan mamaci dukiya ce cikin abin da ya bari, magada suna da haƙƙi a kai matuƙar bai yi waƙafi da su ba. Mu ne ma muka yi kuskure tun farko da muka bar su ba rabo ba waƙafi, ba na kowa ba, shi ya sa ba wanda ya ji nauyin dubawa. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, to kayan da aka ce na kowa ne, a ƙarshe na gara ne. Maganar marayu kuma ba abin wasa ba ce. Wanda ya ce takarda ta fi cikin maraya, sai ya sake tunani.

'Yarmu ta ce a ɗauki hoton kowace warƙa da waya, a tura wa kowa, sannan a nemi masu kula da irin wannan a jami'a su ba da shawara. Jami'ar Ibadan da ke nan kusa da mu, wadda aka kafa a 1948, tun shekarun 1950 ɗakin karatunta yake tara rubuce-rubucen Larabci na hannu, Gidan Arewa a Kaduna ma yana tara irinsu. Shawara ce mai kyau. Sai dai mun ce mata waya ma adaka ce. Hotuna nawa ne cikin wayarki da ba ki sake buɗewa ba tun ranar da kika ɗauka? Waya ta faɗa ruwa ko a sace ta a tasha, shi ke nan. Hoto yana da amfani idan akwai mai karanta abin da ke ciki.

Wani dattijo maƙwabcinmu da aka kira don ya sasanta, shi kuma ya kawo maganar da ta fi kowace nauyi. Ya ce, "Malam, me ya sa kake wahalar da kanka? Wanda ya rubuta ya tafi, wanda ya gada ya tafi, kai ma tafiya za ka yi. Ko ka juya ko kar ka juya, ƙarshen takarda ƙasa. Alƙur'ani kuwa Mai shi Ya ɗauki alkawarin tsare shi, ba ya jiran adakarka." Ya kuma ƙara da cewa hannu ma yana cin littafi, aro ma yana cinsa, littafi nawa aka ara a unguwar nan ba a dawo da su ba?

Ba mu iya ba shi amsa a wurin ba, sai da muka kwana biyu. Gaskiya ne komai mai ƙarewa ne. Mu da muka haura hamsin ba sai an gaya mana ba. Mun yi azumi muna yara cikin ruwan Yuli, mun yi shi muna sababbin magidanta cikin sanyin Disamba, ya zagayo ya koma damina, yanzu ga shi ya gangaro rani, don shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya, sai ta yi wajen shekara talatin da uku ta dawo inda ta faro. Zagaye ɗaya da rabi muka gani, ba mu da tabbacin cika na biyu. Shirwa tana zuwa mana da rani ta yi ta shawagi a saman mahauta, ruwa na sauka ta koma Arewa, baɗi ta dawo, mu ɗauka ita ce ta bara, alhali wataƙila 'yarta ce. Haka mahauta ma, haka masu kallon.

To amma daga cewa abu zai ƙare ba a cewa a bar shi ya ƙare a banza. Goron da muke juyawa ai ba don ya dawwama muke juya shi ba, don ya kai bakin mai ci ne da ɗanɗanonsa, a kai shi ɗaurin aure, a raba shi a suna. Goron da aka ci ya ƙare, wanda ya ruɓe ma ya ƙare, amma wa zai ce ɗaya suke? Dala'ilun Inna wata rana zai yage ya ƙare, bayan an yi salati da shi sau dubbai. Risalar adaka ta ƙare ba wanda ya koyi ko farillan alwala a cikinta shekara goma sha ɗaya. Dubi allo ma. Almajiri ya rubuta da safe, ya karanta, ya wanke, gobe ya sake. Ba wanda yake kukan tawadar da aka wanke, don abin ya riga ya shiga ƙirji. Iyayenmu sun san takarda da allo masauki ne, ilimi yana kwana a cikinsu ne kafin ya wuce zuwa wani mutum. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ambaci abin da ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa, ilimin da ake amfana da shi ya ambata. Sharaɗin yana nan, amfani. Ashe da kwaɗonmu biyu ba takarda kaɗai muka ɓata ba, mun tare wa Baba da kakanmu wata ƙofar lada tsawon shekarun nan. Wannan shi ne abin da yake hana mu barci, shi muke neman Allah Ya yafe mana.

Ga inda aka tsaya. Magada sun yarda an yi waƙafin Alƙur'anin da warƙoƙin da suka tsira ga zuriya, aka rubuta, aka sa shaidu. Kuɗin makarantar marayu mu maza huɗu muka raba a tsakaninmu, don kada waƙafin ya zama an yi shi da haƙƙinsu. Abin da ya lalace ƙwarai, tunda akwai sunan Allah a ciki, mun naɗe shi a farin ƙyalle mun binne a wuri mai tsarki inda ba a takawa. Izu huɗun da suka ɓaci mun ba wani alaramma a nan unguwa ya rubuta da irin hannun, kuma mun ce ya sa sunansa da shekara a ƙarshe, kada na gaba su ɗauka duk aikin mutum ɗaya ne. An ɗauki hotuna. Kowace Lahadi bayan la'asar muna fito da warƙa goma, mu karanta ajamin, 'yarmu tana juyawa zuwa boko, ƙannenta suna koyon baƙaƙen. Babban wanmu har yanzu bai gamsu ba, yana ganin yara za su yaga. Wataƙila su yaga ɗin, an ma riga an ɓata gefen guda. Mun zaɓi wannan asarar a kan waccan.

Wajen jera warƙoƙin da suka tarwatse, wani abu ya taimake mu. Littafin hannu na ƙasarmu ba a ɗinke shi, ba a kuma sa masa lamba. Abin da marubuci yake yi, a ƙasan warƙa sai ya rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da wannan ne, ko iska ta watsa su, mai haƙuri zai mayar da kowace gurbinta. Autanmu mai shekara tara shi ya fi kowa iya nemo su, ya mayar da abin wasa. Ranar da ya haɗa Suratu Yusufa gaba ɗaya da kansa, Inna ta ba shi naira ɗari biyu da ƙwayar goro, ta ce ya kai wa malaminsu.

Saboda haka muna roƙon duk mai irin wannan adaka, mun kuwa san suna da yawa a Sabo da Ojoo da Shasha, har Shagamu da Agege, kada ya jira ranar da ya shirya. Hunturu mai zuwa, ko ma ranar da aka samu rana biyu a jere ba ruwa, a buɗe. A baje a inuwa inda iska take ratsawa, kada a sa a rana, tana gasa takarda ta karye. A kaɗe ƙura da gashin kaza ko tsumma mai laushi. Kada a naɗe a leda, tana riƙe gumi. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, yana cin tawada. A ɗaga daga ƙasa, a nisanta da bango. Warƙoƙin da suka manne kada a ɓamɓare da ƙarfi, a nemi wanda ya san aikin. Abin da ya fi duka, a samu tsoho ko tsohuwa mai karanta ajami tun suna nan, a zaunar da yaro kusa da su da biro da takarda. Masu karanta mana irin wannan hannu a unguwar nan ba su da yawa yanzu, kowace shekara kuma muna raka wasu.

Wanda yake da irin waɗannan takardu bai san yadda zai yi da su ba, ya same mu a masallaci bayan isha'i ko a rumfa da hantsi, mu duba tare. Ba ƙwararru ba ne mu, mun dai sha ɗacin abin, ba ma so wani ya sha.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu da malamanmu, Ya kai ladan abin da suka rubuta kabarinsu, Ya yafe mana sakacinmu, Ya sa 'ya'yanmu su fi mu riƙon amana. Ya zaunar da unguwarmu da garinmu da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.